Idan Mai Ciwon Daji Ya Daina Cin Abinci: Sharhi Ga Mata da Mazan da Ke Jinyar Abokan Zamansu

A gidan da ake jinyar mai ciwon daji wanda cutar ta yi nisa a jikinsa, rigimar da ta fi yawan tashi a kan kwanon abinci take tashi. Mata ta dafa abin da ta san maigidanta ya fi so, ya yi loma biyu ya ture kwano. Miji ya sayo kaza da madara da kayan marmari, matarsa ta kawar da kai, ta ce ƙamshin ma tayar mata da zuciya yake yi. Sai lallashi, sai magiya, sai faɗa, wani lokaci har da kuka. 'Yan dubiya su ga yadda marar lafiya ya rame, su fita da maganar cewa ba a kula da shi. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce ya cire rai ne da kansa.

Tambayoyin da ke damun mai jinya sanannu ne. Yunwa ce za ta kashe shi? Da na ƙara ƙoƙari, zai ci? Me ya sa likita bai sa masa ƙarin ruwa ko robar abinci ba? Saboda sauƙin bayani, za a fi yin magana a kan matar da ke jinyar mijinta, amma duk abin da aka faɗa ya hau kan mijin da ke jinyar matarsa.

Ma'anar kalmomi

Ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara ko kansa, cuta ce da wasu ƙwayoyin halittar jiki ke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su mamaye inda ba nasu ba. Idan aka ce ya yi nisa, ana nufin ya yaɗu zuwa wasu sassan jiki kamar hanta, huhu ko ƙashi, ko kuma ya kai girman da ba a sa ran warkar da shi, ko da yake ana iya rage masa gudu.

Likitoci suna bambance abubuwa biyu. Na farko shi ne anoreksiya, wato gushewar marmarin abinci: mutum ba ya jin yunwa, ko ya ƙoshi da 'yar loma. Na biyu shi ne kakeksiya, wato ramar da cutar kanta take haddasawa, inda tsoka ke zubewa ta yadda ciyarwa kaɗai ba ta iya mayar da ita gaba ɗaya. A shekarar 2011 wani rukunin masana daga ƙasashe daban-daban ya tsayar da ma'auninta: babban sharaɗi shi ne mutum ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 ba tare da ya nemi ragewa ba. Mai kilo 60 da ya zubar da fiye da kilo 3 a wannan tsakani ya shiga cikin ma'aunin. Masanan sun kasa ta mataki uku: na share fage, na ainihin ramar, da na ƙarshe wanda ba ya jin magani.

Kemo kuwa magungunan yaƙi da cutar ne da ake bayarwa ta jijiya ko ta baki. Gashi shi ne haska wurin da cutar take da na'ura don ƙone ta. Kulawar faliyatif ita ce kulawar sauƙaƙa wahala: rage raɗaɗi, amai, ƙuncin numfashi da damuwa, ga marar lafiya da iyalinsa.

Girman matsalar

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar kusan miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu cutar kimanin 127,000 da mace-mace kimanin 79,000 a wannan shekara. Akasarin masu cutar a yankinmu ba sa isa asibitin ƙwararru sai ta yi nisa, saboda haka iyalai da yawa suna haɗuwa da matsalar cin abinci tun ranar da aka gaya musu sunan ciwon.

Ramar kakeksiya tana kama daga rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutarsu ta yi nisa. Ta fi tsanani a ciwon dajin tumbi, na maƙoshi, na huhu da na fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai sarrafa sukarin jini. A sankarar mama takan zo a makare.

Abin da ya raba wannan rama da ta yunwa

Nan ne tushen ruɗanin, domin ido ba ya bambance ramar yunwa da ramar ciwon daji. Ƙasusuwan wuya sun fito, kumatu sun lotsa, riga ta yi yawa. Duk wanda ya ga haka, abinci ne zai fara zuwa masa a rai.

Amma cikin jiki labarin ya sha bamban. Idan lafiyayye ya rasa abinci, jikinsa yakan yi tsimi: ya rage ƙarfin da yake ƙonawa, ya fara cin kitsen da ya tara, ya yi ta kare tsoka gwargwadon iko, kuma yana jin yunwa mai tsanani. Da zarar ya sami abinci sai ya murmure. A jikin mai ciwon daji, ƙari, wato kumburin da cutar ta haifar, da kuma garkuwar jikin da ke faɗa da shi suna sakin sinadarai cikin jini. Waɗannan sinadarai suna isa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa su kashe marmari, suna sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa da kitsensa tare, a wasu mutane kuma suna ƙara yawan ƙarfin da jiki ke ƙonawa ko yana kwance. Ciyar da irin wannan jiki kamar zuba ruwa ne a randar da ta tsage: abin da aka zuba yana da amfani, amma ba ya cika ta.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na ɗaya, marar lafiya ba taurin kai yake yi ba. Idan ya ce ba ya jin yunwa, gaskiya ya faɗa. Na biyu, ramarsa ba shaida ba ce a kan gazawar mai jinya. Akwai waɗanda aka ciyar ta jijiya a manyan asibitocin Turai da Amurka, da duk sinadaran da jiki ke buƙata, kuma tsokarsu ta ci gaba da zubewa. Idan aka faɗi wannan a fili ga mata da dangin miji tun da wuri, gidaje da yawa za su huta da zargi.

Dalilan da ake iya gyarawa

Kada wannan bayani ya sa a naɗe hannu. Sau da yawa a kan ainihin ramar akwai wasu ƙananan matsaloli da suke hana ci, kuma kusan dukkansu suna da magani mai araha. Wajibi ne a neme su kafin a ce cutar ce kawai.

A fara da baki. A sa marar lafiya ya buɗe baki a haska da tocila. Farin abu mai kama da guntun nono a kan harshe da cikin kumatu alama ce ta ƙwayar cutar da ke yawan kama masu shan kemo ko masu raunin garkuwa, tana sa haɗiya ta yi zafi, kuma tana jin magani cikin 'yan kwanaki. Haka gyambon baki, bushewar yawu bayan gashi, da ciwon haƙori.

Sai taurin bayan gida, wanda kunya kan hana a faɗa. Magungunan raɗaɗi masu ƙarfi irin su mofin da tiramadol suna busar da ciki, shi ya sa ƙa'ida ita ce a haɗa su da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Mutumin da ya yi kwanaki bai zaga ba ba zai yi marmarin tuwo ba. Raɗaɗin da ba a danne ba shi ma yana hana ci, don haka tsoron mofin da wasu iyalai ke yi har su ɓoye shi yana ƙara wa marar lafiya wahala biyu. Akwai tashin zuciya, akwai saurin ƙoshi saboda tumbi ya yi sanyin aiki ko ruwa ya taru a ciki yana danne shi, akwai sauyin ɗanɗano da ke sa nama ya yi ɗaci ko ya yi kamar ƙarfe a baki. Akwai kuma baƙin ciki mai zurfi, wanda cuta ce da ake yi wa magani.

Wasu alamu suna buƙatar a garzaya asibiti ba tare da jira ba: amai ba ƙaƙƙautawa, kumburin ciki tare da rashin bayan gida da rashin fitar iska, ƙwarewa a kowace haɗiya, zazzaɓi ga mai shan kemo, da ruɗewa farat ɗaya tare da ƙishirwa da yawan fitsari, wadda kan nuna sinadarin kalsiyam ya yi yawa a jini.

Dalilin da ya sa abin ya fi zafi tsakanin ma'aurata

A gidan Bahaushe girki yana ɗauke da ma'ana mai nauyi. Mace takan auna matsayinta da yadda maigida ya ci abincinta, miji kuma ya san ciyarwa haƙƙi ne a wuyansa. Namijin da ya ƙi cin abincin matarsa, a al'ada, fushi yake nunawa. To idan cuta ta sa ya ture kwano, zuciyar matar takan karanta abin da ta saba karantawa, ko da hankalinta ya san ba haka ba ne. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya abin yakan ƙara dagulewa: ya sha kunun wannan ranar da jikinsa ya yi sauƙi, ya kasa shan na waccan ranar da ya tsananta, sai a mayar da sauyin ciwo gasar kishi.

Ga kuma dangi. Uwar miji ko yayyensa mata, cikin tsoro da ƙauna, sukan ce, "Ke dai ki matsa masa, in bai ci ba da me zai ji ƙarfi?" Matar da ta kwana ba ta runtsa ba sai ta ji an ɗora mata ramar mijinta. Mijin da ke jinyar matarsa shi kuma yakan huce a kan aljihunsa, ya yi ta sayen gwangwanayen ƙarin kuzari masu tsada da magungunan gargajiya, har kuɗin maganin raɗaɗi ya gagara.

Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne marar lafiyar. Da yawa sukan ci don kada ran matansu ya ɓaci, su bi da amai ko kumburi. Wasu sukan yi barcin ƙarya idan sun ji motsin kwano. Lokacin da ya rage musu tare, wanda ya kamata a yi hira da yafiya da wasiyya a cikinsa, sai ya ƙare a ja-in-ja kan cokali uku.

Saɓanin ra'ayi kan magani, roba da ƙarin ruwa

Akwai masu ganin a yi duk abin da za a iya don abinci ya shiga jiki, ta kowace hanya. Hujjarsu tana da ƙarfi a wasu yanayi. Wanda ciwon ya toshe masa maƙoshi alhali yana jin yunwa, ko wanda gashi ya ƙona masa baki yana tsakiyar maganin da ake sa ran zai yi aiki, robar abinci ta hanci ko ta ciki tana iya riƙe shi har ya gama. A matakin farko na rama ma, shawarar masanin abinci da ɗan motsa jiki suna taimakawa wajen riƙe ƙarfi.

Ɗaya ɓangaren, wanda akasarin likitocin faliyatif suke kai, suna cewa idan ramar ta kai matakin ƙarshe, roba da abincin jijiya ba sa tsawaita rai kuma ba sa ƙara jin daɗi, sai dai su kawo kumburi, gudawa da shigar ƙwayoyin cuta. Ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar kada a mayar da su abin yi ga kowa. Kan ƙarin ruwa kuwa, wani gwaji da aka buga a 2013 a Amurka ya raba marasa lafiya 129 da ke matakin ƙarshe gida biyu, aka ba wasu lita ɗaya a rana, wasu ɗan kaɗan kawai, ba a kuma ga bambanci a jin daɗinsu ko tsawon kwanansu ba. Wannan ba ya nufin ƙarin ruwa ba shi da amfani ga wanda amai ko gudawa ya busar da shi. Yana nufin ledar ruwan da ke rataye ba abinci ba ce, gishiri ne ko ɗan sukari, kuma a kwanakin ƙarshe tana iya taruwa a ƙafa da huhu ta ƙuntata numfashi.

Magungunan buɗe ciki suna nan, amma kowanne da iyakarsa. Deksametason yakan dawo da marmari na 'yan makonni, sannan tasirinsa ya ragu, kuma daɗewa a kansa yana raunana tsoka, ya tayar da sukari, ya rage garkuwa. Mejestirol yana ƙara nauyi, amma mafi yawansa kitse ne da ruwa, kuma yana da haɗarin daskarar da jini a jijiya. A 2023 wani gwaji a Indiya kan marasa lafiya 124 masu shan kemo ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na olanzafin a kullum ya sa kashi 60 cikin 100 sun ƙara nauyi sosai, idan aka kwatanta da kashi 9 na waɗanda ba su sha ba, abin da ya sa ƙungiyar ta Amurka ta sabunta jagorarta. Duk waɗannan likita ne ke auna wanda ya dace da su. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda aka sani da sha-ka-fashe, bai kamata su kusanci mai ciwon daji ba, domin kumburin da suke kawowa ba lafiya ba ne.

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu a wayoyi cewa sukari ko nama ko madara suna ciyar da cutar, don haka a hana. Hana mai ramewa ɗan abin da yake iya ci ba ya kashe ƙari, shi marar lafiyar yake kayarwa. In ba mai ciwon sukari ba ne ko wanda likita ya yi wa iyaka, a ba shi abin da ransa ya so.

Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ɓangarorin biyu suna magana ne a kan matakai daban-daban na ciwo ɗaya. Tambayar da ya kamata iyali su yi wa likita kai tsaye ita ce: a wane mataki yake, kuma me wannan roba ko ruwa zai ƙara masa?

Abin da addini ya ce

Mai jinya takan ji tsoron kada barin matsa wa marar lafiya ya zama zunubi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi daga Uƙbatu ɗan Amir da ke hana tilasta wa marasa lafiya ci, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfin isnadinsa. A Bukhari da Muslim kuma an ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, yabon talbina, wani kunun sha'ir mai ruwa-ruwa, ga marar lafiya da mai baƙin ciki. Abin da ake fahimta shi ne a miƙa abu mai sauƙi, a bar tilas. Wannan daban yake da hana abinci ga mai nema, wanda babu mai halatta shi. Azumi kuwa an ɗauke wa irin wannan marar lafiya, kuma malamin unguwa zai yi bayanin ciyarwar da ke maye gurbinsa.

Abin da za a iya yi a gida

A rage kwano. Malmalar tuwo guda tana karya zuciyar marar marmari tun kafin ya taɓa, amma 'yan cokula a ƙaramin faranti, sau shida ko fiye a yini, sukan shiga. A lura da lokacin da ya fi jin dama, galibi da safe, a ba da abin da ya fi gina jiki a lokacin. A cusa ƙarfi cikin ɗan kaɗan: kunun gyaɗa da madara, koko da zuma, ƙwai, alale mai laushi, fate, romon kaza ko kifi, ayaba, man shanu a cikin miya. Fura da kindirmo suna da kyau, amma ga mai shan kemo a tabbata an tafasa madarar kuma an dama da ruwa mai tsabta. Idan ƙamshi ke tayar masa da zuciya, a yi girki nesa da ɗakinsa, a bar abinci ya huce, domin mai sanyi bai kai mai zafi tashin ƙamshi ba. Idan baki na da gyambo, a guji yaji da tsami. A jinkirta ruwa zuwa bayan ci don kada ya cika ciki, a wanke baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a zaunar da shi a jingine yayin ci da ɗan lokaci bayansa.

Idan ya nemi wani abu aka dafa, ya ɗanɗana ya bari, a ɗauke kwano ba tare da ƙorafi ba. Kalmar "Maigida, ko za ka ɗan taɓa?" ta fi "Ka daure ka cinye" amfani. Awon nauyi a kai a kai a wannan mataki ba ya ƙara komai sai fargaba.

Ɗura kuwa haɗari ce. Zuba kunu ko ruwan rubutu ko magani a bakin wanda ke cikin magagi yana iya wucewa huhu ya jawo ciwon nimoniya ko shaƙewa. A kwanakin ƙarshe jiki da kansa yake janyewa daga ci da sha, kuma akasarin masu wannan hali ba sa kukan yunwa, bushewar baki ce ke damunsu. Jiƙa leɓe da tsumma mai tsabta, shafa ɗan mai, da 'yan ɗigon ruwa idan yana iya haɗiya, su ne kulawar da ta dace a lokacin, tare da juya shi, tsabtace shi da zama kusa da shi.

Ita ma mai jinyar

Ba marar lafiya kaɗai ne ke daina ci ba. Matar da mijinta ya kasa haɗiya takan ji nauyin zama ta ci a gabansa, ko gajiya da fargaba su ɗauke mata yunwa, ta wuni a kan shayi. Idan tana da hawan jini, ciwon sukari ko gyambon ciki, ko tana da juna biyu ko shayarwa, wannan na iya kwantar da ita. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta ci a kan lokaci ko ba ta jin yunwa, ta ci gaba da shan nata magani, ta karɓi taimako idan an miƙa. Idan rashin ci, rashin barci da yawan kuka suka wuce mako biyu, ita ma ta ga likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar kulawar faliyatif suke samun ta, don haka mafi yawan wannan aiki a gida ake yin sa, a hannun mata da maza da ba a koya musu ba. Likitoci da ma'aikatan jinya su riƙa zaunar da iyali, har da dangin da ke da ta cewa, su bayyana musu dalilin ramar kafin a sallami marar lafiya. Dangi da maƙwabta masu zuwa dubiya kuma su rage tambayar me ya ci yau. Su kawo wa mai jinya abincinta, su karɓe ta na 'yan sa'o'i ta yi barci, su taimaka da kuɗin maganin raɗaɗi.